Tarin da Tala Ta Ɓoye

A bayan duron ruwa na same ta, a tsugune, ta cusa bakin rigarta tsakanin haƙora ta cije. Kafaɗunta na ɗagawa suna sauka, ramin wuyanta na lotsawa duk sanda ta ja iska, leɓunanta sun fara komawa ruwan toka. Da ta gan ni ba ta miƙo hannu ba. Ido ta zaro, ta girgiza min kai, wai kada in yi magana.

"Tala! Saki rigar nan. Saki, na ce!"

Da ƙyar na zare tsumman daga bakinta. Maganin shaƙar da na rataya mata a wuya da safe babu shi, amma tun ranar da aka ce min 'yata na da asma ban taɓa rabuwa da wani a aljihu ba. Na ɗora ta a cinya, na girgiza shi, na danna mata sau ɗaya, na jira ta ja numfashi shida, na sake dannawa. Daga ƙaramin cocin unguwa lasifika na ta kwararo muryar tsofaffin mata masu rera labarin wahalar Yesu, kamar yadda suke yi tun ranar Litinin ba hutawa. Laraba ce ta Mako Mai Tsarki, rana ta take, kwanon rufinmu har ƙara yake don zafi.

Sai da ƙirjinta ya daina kukan usur, jini ya dawo leɓenta, sannan na tambaye ta.

"Ina maganinki?"

"Na ɓoye shi cikin shinkafa."

"Don me? Me ya hana ki kira ni?"

Ta leƙa bayan kafaɗata ko akwai mai ji, ta rage murya. Shekararta biyar, amma yadda ta dube ni sai ka ce tsohuwa.

"Apu ta ce duk tari ɗaya da na yi, bulala ɗaya ce a bayan Tatang ranar Juma'a. Na riga na yi goma sha ɗaya, Mama. In kika ji, za ki gaya musu."

* * *

Apu ita ce kakarta, surukata, Ima Pacing. Tatang kuwa mijina ne, Eladio.

A garinmu, a nan lardin Pampanga, da wuya ka sami gidan da babu namiji mai tabo a baya. Duk Juma'ar mutuwar Yesu maza kan rufe fuska da baƙin ƙyalle, su ɗaura ganyen gwaiba a ka, su cire takalmi. Wani ya ɗauki katako mai fasassun kwalabe ya buga musu a baya har jini ya ɓullo, daga nan su kama hanya suna dukan kansu da bulala mai sandunan gora, hagu, dama, hagu, dama, har bakin kogi. Panata muke ce masa, alkawarin da mutum ya yi wa Allah ranar da dabara ta ƙare masa. Kowace shekara Fada, limaminmu, sai ya tsaya a coci ya ce Allah bai nemi wannan ba. Maza su gyaɗa kai cikin ladabi, su fita su ci gaba da fiƙe gora.

Wata bakwai na haifi Tala, ba ta fi kwalbar lemo ba. A barandar asibiti Eladio ya durƙusa ya yi alkawarin shekara tara in ta rayu. Ta rayu. Ya yi huɗu. Bara aka gano yana da ciwon suga, bayan da ƙusa ta soke shi a ƙafa a wajen gini, ciwon ya yi wata uku yana ruwa. Ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta ce min, "Perla, in aka tsaga bayan mutumin nan, ki fara tanadin baƙaƙen kaya." Na ɓoye bulalar a gidan yayata, na yi ta kuka har ya haƙura ya zauna.

Wata biyu bayan nan asma ta kama Tala.

Ima ba ta ce min komai ba a lokacin. Kallona kawai take yi, in yarinyar ta fara shiƙa. Kuma ba zan ce muguwa ce ba. 'Ya'ya biyu maza ta binne suna jarirai kafin Eladio. Da shi ma ya kwanta ciwo, ubansa ya shiga panata, yaron ya tashi. Ta ina za ka fara gaya wa wannan matar cewa ba bulala ce ta raya mata ɗa ba?

Gaskiyar ita ce ni ma rabin zuciyata ta yarda da ita. Sai na shiga neman abin da zan toshe ɓarakar da shi. Duk Juma'a ina rarrafe da gwiwa daga ƙofar coci har gaban bagade. Na daina cin nama. Na riƙa dafa wa mata masu rerawa kunun shinkafa da madarar kwakwa, tukunya guda, ni kaɗai. Na shafa hankici a ƙafar gunkin Yesu na ɗaura wa Tala a ƙirji. In ta kwana biyu lafiya in ce an karɓa. In ta fara shiƙa in zauna ina bincikar kaina: addu'ar safe na tsallake ne, ko gulmar da na yi a famfo, ko kitsen aladen da na ɗanɗana a miya? Allah ya zame min kamar maigidan da ba ya faɗin abin da yake so, sai dai ki gani a jikin 'yarki.

Bana kuma Ima ta ce tunda an karya alkawari, komawar Eladio kaɗai ba za ta isa ba. Dole wadda aka yi dominta ta bi bayansa cikin farar riga, ba takalmi, kuma duk inda ya kwanta rubda ciki ita za ta dake shi da hannunta.

* * *

Da la'asar na tarar da su a gindin mangwaro. Eladio na zura igiya a sandunan gora, Ima na ɗinke bakin wata 'yar farar riga. Na gaya musu inda na tsinci Tala.

Eladio ya ajiye igiyar. Ima ba ta ɗago daga allura ba.

"Ni ban ce ta ɓoye ba," ta ce. "Gaskiya na gaya mata. Yaro ya san abin da ake sha dominsa."

"Ima, saura ƙiris ta mutu a bayan duro."

"Wa ya ɓoye bulala bara? Ni ce?"

Na juya ga mijina.

"Ladio, kai fa? Ba za ka yi magana ba?"

"Yini ɗaya ne, Perla," ya ce, yana kallon ƙasa. "In na yi, hankalin kowa ya kwanta."

"Ƙafarka wata nawa ta yi?"

"Wannan ƙusar banza ce. Ciwon panata ba ya ruɓa, kowa ya sani. Ka faɗa kogi, a shafa maka ganyen gwaiba, ranar Litinin ka koma aiki."

"To yarinyar fa? Rana tsaka, ƙasa kamar kasko, ga hayaƙin kyandir, ga ƙurar mutane?"

"Allahn da za ta fita dominsa shi zai riƙe mata numfashi," in ji Ima. Ta yanke zare da haƙori, ta ɗaga rigar tana dubawa. "Kin ga ta yi mata? Na sa mata leshi a wuya."

Har cikin raina na ji tsoro, don ban san wanne ne zai kashe min 'ya ba, fitar ko ƙin fitar.

* * *

Ranar Alhamis da safe ƙirjin Tala bai saki sosai ba, na ce sai an turara mata magani da inji. Na aika aka kira Bapa Kulas, ƙanen Ima, mai babur mai ɗakin fasinja a gefe. Dattijo ne siriri, haƙoransa na gaba biyu sun tafi. Shekara ashirin da biyu ke nan shi ke fitowa a matsayin ɓarawon da aka gicciye a hannun daman Yesu, a wasan da ake yi bayan gari.

"Ku hau da sauri," ya ce, "gobe za a kashe ni, ina da uzurori."

Tala ta yi dariya, dariyar ta so ta zama tari, ta yi maza ta toshe baki da hannu biyu. Bapa ya gani. Ya tayar da babur.

A ɗakin shan magani aka ɗaura mata abin shaƙa a fuska, inji ya fara gurnani. Muka zauna a benci ta waje inda nake hangenta ta taga. Siket ɗina ya ɗan ja sama, Bapa ya kai ido kan gwiwoyina, sun yi baƙi sun yi kanta.

"Kai! Perla, yaushe kika koma bauna? Ko huɗa ake sa ki a gonar shinkafa?"

"Bapa, bar ni da abin da ke damuna."

"Rarrafen coci ne, na sani. Atsi ta ba ni labari, har yabonki take yi a bayan idonki." Atsi yake kiran Ima, wato yaya. "To, an biya?"

"Ban sani ba." Na ja siket ɗin na rufe gwiwoyin. "Shi ne abin. Ban taɓa sanin ko ya isa ba."

Na gaya masa maganar tari goma sha ɗaya. Ya cire hula, ya daɗe yana murza ta.

"Kin san me ya sa na karɓi aikin ɓarawo?" ya ce. "Don shi ba a buga masa ƙusa, ɗaure shi kawai ake yi, in an sauke shi a ba shi ɗanyen ƙwai da lemo mai sanyi. Wallahi abin da ya kai ni ke nan. Kuma mutane suka ce ya dace da ni, ba sai na koyi komai ba."

"Bapa ke nan."

"Ba wasa nake ba. Ke ba ki san matata ba. Tana kwance tana aman jini, ni ina filin faɗan zakaru. Ranar da ta cika, sai da aka zagaya fili uku kafin a same ni, da zakara a hammata. To gaya min, wane rarrafe ne zai gyara wannan? Na gwada. Na yi bulala shekara shida, bayana kamar an yi kaftu. In na fito daga kogi, ga ta nan a zaune a raina, yadda na bar ta."

Injin ya ci gaba da gurnani. Tala ta ɗago min hannu ta taga, na ɗaga mata.

"Wata shekara," ya ce, "ina can sama a ɗaure, ƙuda ya sauka min a hanci. Na so in kore shi, ba hannu. Na so in motsa ƙafa, ba ƙafa. Sai abin ya faɗo min: ashe mutumin nan da nake kwaikwayo haka yake. Ba zai iya mayar da abin da ya sata ba. Ba zai iya kunna kyandir ko ɗaya ba. Abu guda ya rage masa da ke motsi, wuyansa. Ya juya shi, ya dubi na tsakiya, wato Yesu, ya roƙa. Kuma ba a ce masa sauka ka je ka yi shekara tara ka dawo ba. A nan take aka karɓe shi, da dattinsa da komai. Da lokacin maganata ya zo a wasan, sai na ji ba wasa nake ba. Na faɗe ta da gaske. Sojojin wasan suka ce ban taɓa kuka mai kyau irin na ranar ba."

"Shi ai sa'a ya yi, Bapa."

"Alheri ne, 'yata. Kyauta. Na tsakiya ya riga ya sha dukan, ya sha na kowa, ya gama. Mu ne muke ta kawo masa namu jinin kamar nasa bai isa ba." Ya nuna taga da haɓa. "Jiya da kika same ta a bayan duro, rarrafe nawa kika sa ta kafin ki danna mata magani?"

Ya mayar da hularsa a ka, ya dube ni.

"To ke kin fi Allah tausayi ke nan?"

"In na hana ta fita, za ta warke?"

"A'a, ban ce ba. Ni direban babur ne, ban san wannan ba. Abin da na sani, ko ta warke ko ba ta warke ba, ba fushi ake da ke ba. Kuma ba bayan Ladio ne zai saye ta ba."

"Me ya hana ka gaya wa Ima?"

"Atsi? Na gaya mata. Da ludayi ta jefe ni, ta ce ɓarawo ne zai koya mata addini."

Ya tashi ya tafi duba tayarsa. Na shiga na zauna kusa da Tala. Tururin maganin na fita ta gefen abin fuskar, ita kuwa ta jingina da bango, ta lumshe ido, tana shaƙa. Ba abin da take yi sai shaƙa. Na daɗe ina kallonta. Na nemi wata addu'a daga cikin waɗanda na haddace, babu wadda ta zo. Sai na buɗe tafin hannuna a cinya, ba carbi, ba hankici, na ce a raina: Yesu, na gaji. Ba ni da abin da zan kawo. In da gaske ka gama, to na yarda, ga ni, ga 'yata.

Ba haske na gani ba, ba murya na ji ba. Wani abu ne da ya shekara a ɗaure a ƙarƙashin haƙarƙarina ya ɗan sassauta, har na ja numfashi ya kai ƙasa.

* * *

Ranar Juma'a, ina bayan gida ina shanya, na ji ƙarar gora daga nesa: kaf, kaf, kaf, kamar ana sussukar hatsi a gari guda. Eladio ya fita tun da hantsi, bai yarda mun haɗa ido ba. Na saki kwandon na shiga ɗaki.

Ima ta riga ta shirya ta. Farar riga mai leshi, gashi a sake, ƙafa ba komai. A hannunta 'yar ƙaramar bulala mai sanduna biyar, wadda aka yi daidai ita. Tana riƙe da ita nesa da jikinta kamar an ba ta maciji.

Na durƙusa, na ɗauko silifas ɗinta, na sa mata. Na karɓi bulalar na ajiye a kan tebur.

"Me kike yi?" in ji Ima.

"Ba za ta je ba, Ima."

"Perla, kada ki sake. Kin yi bara, kin ga abin da ya biyo baya."

"Asma ce, Ima. Kawuna ma da ita ya rayu har ya tsufa. Ba hukunci ba ne."

"Kulas ne ko? Wannan mashayin ya zuba miki a kunne."

"Yesu ya riga ya sha bulala domin Tala. Da ke, da ni, da Ladio. Ba sai ta ƙara ba."

Ima ta matso har ina jin ƙamshin man kwakwar kanta. Idonta ya cika da ruwa. Ba da tsawa ta yi maganar ba, shi ya sa ta fi shiga.

"Ke ba ki taɓa ɗaukar akwatin da bai fi hannunki tsawo ba. Ni sau biyu. In yarinyar nan ta mutu, me za ki ce wa kanki?"

Na ji duk abin da na samu jiya yana neman zubewa. In ita ce da gaskiya fa? In Allah na can yana jiran ya ga ko za mu cika? Na dubi Tala, ta ƙanƙame siket ɗina, kumatunta sun kumbura, tana danne wani tari.

"Ban sani ba, Ima," na ce. "Zan yi kuka har in gaji. Amma ba zan ce don ba ta daki ubanta ba ne."

Ƙarar gorar ta iso layinmu. Na ɗauki Tala na fita baranda, na tsaya a inuwa. Layi biyu suke tafe, kusan su talatin, fuskoki a rufe, bayansu jajir, jini na fantsama a katangu da rigunan 'yan kallo. Ko da fuska a rufe na san tafiyar mijina, yana ɗan ɗingisa ƙafar da ƙusa ta soka. Na juya fuskar Tala na kifa ta a wuyana.

Da ya zo daidai ƙofarmu ya fita daga layi. Ya durƙusa, ya kwanta rubda ciki a kan titi mai zafi, ya buɗe hannuwa. Yana jira.

Maƙwabta suka juyo suna kallonmu. Wata ta ce, "Ina yarinyar? A kawo ta mana, mutum na ƙonewa!"

Na miƙa wa maƙwabciyata Tala, na ce ta rufe mata ido. Na sauka na tsuguna a kansa. Warin jini da gumi ya bugi hancina. Tsagar ta fi ta kowace shekara zurfi, ko idona ne.

"Ladio," na ce a kunnensa, "tashi mu shiga gida. Ba za ta zo ba. An riga an karɓe mu, ba sai ka yi wannan ba. Tashi, don Allah."

Na ji numfashinsa ta cikin ƙyallen. Yatsunsa suka motsa a ƙasa. Na ɗauka zai tashi.

Sai inuwa ta rufe mu. Ima ce, da 'yar ƙaramar bulalar a hannu. Hawaye na bin tamojin fuskarta, bakinta na motsi da addu'a. Ta ɗaga hannu ta sauke a bayan ɗan da ya rage mata. Ta sake. Ta sake. Ba ƙarfi a hannun, amma duk saukarwa sai ta runtse ido kamar ita ake duka.

Da ta gama, Eladio ya miƙe a hankali, ya gyara ganyen kansa, ya bi sahun 'yan uwansa. Bai waiwayo ba.

Ban je bayan gari kallon gicciye ba. Na rufe tagogi saboda ƙura, na tafasa ruwa da gishiri, na fito da auduga da maganin da ma'aikaciyar nan ta ba ni a ɓoye, na jera a kan tire. Na zauna ina jira.

* * *

Ranar Lahadi da safe ƙararrawar Ista, idin tashin Yesu, ta cika gari. Ba mu je coci ba. Eladio na kwance rubda ciki a tabarma, kwana biyu ke nan. Gefen tsagar ya yi ja ya kumbura, jikinsa da zafi. Na riga na gaya wa Bapa Kulas ya zo da babur gobe da sassafe, ko Ima ta so ko ta ƙi, asibitin gari za mu. Ina wanke ciwon yana cije matashi.

Tala na zaune a bakin ƙofa da kwanon shinkafarta. Tun Juma'a ba ta matso kusa da shi ba. Na ga kafaɗarta ta ɗaga, na ga ta ajiye cokali, hannunta ya nufi baki.

"Sauke hannun," na ce. "Yi tarinki."

Ta dubi bayan ubanta, ta dube ni.

"Wa za a daka?"

"Babu kowa. An gama dukan tun kafin a haife ki."

Ba ta yarda da ni ba. Idonta na kan tabarma. Can Eladio ya juyo da fuskarsa daga matashin, leɓensa a bushe, ya dube ta.

"Yi, 'yar Tatang," ya ce da dasasshiyar murya. "Ina so in ji."

Ta yi. Ƙarami da farko, sannan mai ƙarfi, sau uku, sau huɗu, har idonta ya kawo ruwa. Na kasa kunne ina sauraron ƙirjinta, hannuna ɗaya a aljihu a kan maganin. Bai yi usur ba. Ta share hanci da bayan hannu, ta ɗauki cokalinta.

Na ɗauki kwanon ruwan da ya koma ja na fita zubarwa. A tsakar gida na tarar Ima ta yi wanki. Farar rigar na kan igiya, ta saki kalmasar ƙasanta don ta ƙara tsawo, tanadin baɗi. Kusa da ita bulalu biyu, babba da ƙarama, an wanke su tas, suna ɗigar da ruwa, iska na kaɗa sandunan suna taɓa juna a hankali.